Yadda wata ɗaliba ta koyi karanta zanen ɓataccen ɗa na Rembrandt

Asalin lamarin

Ɗalibar tana aji uku a sashen zane-zane na wata jami'a a Arewacin Najeriya, ni kuma aka ɗora mini duba aikinta a darasin tarihin zane. An raba wa kowane ɗalibi zane guda daga na Turawan ƙarni na 17, ya rubuta shafi 10 cikin mako 10 a kan tambaya biyu: wane yanayi zanen ke jefa mai kallo, kuma me abubuwan da ke cikinsa suke nuni da shi. Rabonta ya faɗa kan zanen komowar ɓataccen ɗa na Rembrandt, mutumin Holan da aka haifa a Leiden a 1606, ya rasu a Amsterdam a 1669.

Zanen na fentin mai ne a kan ƙyalle, tsayinsa santimita 262, faɗinsa 205. Yana cikin ayyukan ƙarshen rayuwar mai shi, yawanci ana sa shi wajen 1668. Sarauniyar Rasha, Katarina ta Biyu, ta saye shi a 1766, yau kuma yana rataye a gidan tarihi na Hermitage da ke St. Petersburg. A ɓangaren hagu akwai tsoho mai farin gemu da jar alkyabba, ya sunkuya ya ɗora hannuwansa biyu a bayan wani saurayi da ya durƙusa gabansa. Saurayin ya ba mu baya, kansa a aske, tufafinsa tsumma. A dama wani dogon mutum ne tsaye, shi ma da jar alkyabba, ya haɗa hannuwa a kan sanda. Kusa da shi wani yana zaune da baƙar hula, sai wasu fuskoki biyu can cikin duhu waɗanda sai an ƙura ido ake ganin su.

A zane da fensir yarinyar ba ta da na biyu a ajinsu. Matsalarta ita ce faɗin abin da ta gani. Ranar da ta fara zuwa ofis ta miƙo mini wayarta da hoton a kai, ta ce, "Malam, ni dai tsoho na gani da wani kamar almajiri, mutane na kallonsu. Sauran duk duhu ne. Me zan rubuta har shafi goma?" Musulma ce, ba ta taɓa jin labarin da zanen ya ɗauko ba, wato misalin Littafi Mai Tsarki na ɗan da ya bar gida ya ɓarnatar da gadonsa sannan ya komo wa ubansa, kuma ba ta ɗauka rashin saninsa zai hana ta komai ba.

Mako na 1 da na 2: jerin ma'anar launuka

Abin da ta fara yi shi ne abin da kusan kowane ɗalibi ke yi yanzu. Ta shiga intanet ta kwaso jerin da ke cewa ja fushi ne ko jini, baƙi mutuwa, rawaya fata nagari, takobi yaƙi, sanda mulki. Ta bi zanen tana liƙa wa kowane abu tasa ma'anar. Daftarin farko ya zo shafi 4, kuma hukuncinsa shi ne zanen na tsoro ne da barazana: baƙin da ya mamaye ƙyallen mutuwa ce ke tafe, takobin da ke ƙugun saurayin alamar ya zo da mugun nufi, mutumin da ke tsaye kuwa jar alkyabbarsa ta nuna ya cika da fushi.

Na yi mata tambaya guda. Idan jan da ke jikin na tsaye fushi ne, jan da ke jikin tsohon fa? Ta koma jerin nata ta ga a wani layin an ce ja ƙauna ce, sai ta gyara ta rubuta cewa na tsohon ƙauna ne, na ɗayan fushi. Na ce to wa ya gaya mata wanne ne wanne, jerin ko idonta? Ta yi shiru, sannan ta ce idonta. A nan wannan hanya ta tsaya, domin jerin bai ƙara mata komai a kan abin da ta riga ta gani ba, sai ma ya rufe mata tambayar da ta fi muhimmanci, wato dalilin da ya sa mai zanen ya tufatar da mutum biyu da launi ɗaya ya bar sauran cikin ƙasa-ƙasa da baƙi.

Mako na 3 da na 4: tarihin mai zanen

Daga nan ta koma karanta rayuwar Rembrandt, kuma rayuwa ce mai taɓa zuciya. 'Ya'yansa uku na farko sun mutu suna jarirai. Matarsa Saskia ta rasu a 1642, ƙasa da shekara guda bayan haihuwar Titus, ɗan da ya rayu. A 1656 bashi ya ci shi, aka yi gwanjon kayansa, babban gidansa ma ya fita daga hannunsa. Hendrickje, matar da ta zauna da shi bayan Saskia, ta rasu a 1663. Titus ya yi aure a farkon 1668, ya rasu a watan Satumba na shekarar. Uban ya bi shi ranar 4 ga Oktoba, 1669.

Ɗalibar ta zo da daftari na biyu, shafi 7, tana murna. Ta ce ta gano bakin zaren: tsohon Rembrandt ne da kansa, mai durƙuson Titus ne, zanen kuma kukan uba ne da ya binne ɗansa. Rubutun ya fi na farko rai nesa ba kusa ba, sai dai hujjarsa ba ta tsaya ba, saboda abu uku. Babu rubutacciyar shekara a jikin zanen da za ta tabbatar an yi shi bayan rasuwar Titus, masana ma wasu na sa farkon aikin tun shekarun da suka gabata. Na biyu, Titus bai taɓa zama ɗan da ya gudu ya ɓarnatar da dukiya ba. Shi da Hendrickje ne suka kafa kamfanin sayar da zane a 1660 don su kare tsohon daga masu binsa bashi. Na uku, a zanen da Rembrandt ya sa fuskarsa cikin wannan labari ƙarara, ba a matsayin uba ya sa ta ba. Akwai zanensa na wajen 1635, yana Dresden ta Jamus yanzu, inda ya zana kansa a gidan shaye-shaye, hula mai gashin tsuntsu a ka, takobi a ƙugu, ya ɗaga doguwar tambulan, Saskia na zaune a cinyarsa. Shi ne ɗan mai almubazzaranci a can.

Abin da ya fi damuna da daftarin shi ne, a shafi bakwai ɗin nan, bayanin abin da ke kan ƙyallen bai cika shafi ɗaya ba. Mutumin da ke tsaye a dama, wanda ya fi kowa tsawo a zanen, ko ambatonsa ba ta yi ba, domin ba shi da gurbi a labarin Rembrandt da Titus.

Mako na 5: idon gida

Da na ce ta ajiye littattafai ta kalli zanen kamar abin da ke faruwa a zauren gidansu, sai ta dawo da karatu na uku. Saurayin ya durƙusa, ya cire takalmi, ya sunkuyar da kai: ladabi ne, irin wanda ake yi wa mahaifi. Na tsayen kuwa babban ɗa ne, kuma nesa-nesan da yake yi ba komai ba ne illa kunyar da ke tsakanin uba da ɗan fari, wadda duk Bahaushe ya sani. Saboda haka, a ganinta, zanen gaisuwa ce ta gida mai tarbiyya, yanayinsa kuma natsuwa.

Rabin wannan kuskure ne, kuma ƙafafun saurayin ne suka nuna haka da muka ƙara girman hoton a kwamfuta. Ƙafar hagu ce kaɗai ba takalmi, takalmin ya zame yana yashe a gefenta, tafin ƙafar duk tabo. Ta dama tana cikin nata takalmin, amma ya cinye har dunduniya ta fito. Mai cire takalmi don girmamawa duka biyu yake cirewa, ya ajiye a bakin ƙofa. Wannan takalmi tafiya ce ta kashe shi.

Ɗaya rabin kuwa ya yi amfani, ko da yake a lokacin ba ta san ya yi ba. Ita ce da bakinta ta ce, "Amma Malam, akwai abin da bai yi mini ba. Ta yaya tsoho zai sunkuya haka, babban ɗa na tsaye ƙiƙam yana kallonsa daga sama, ko hannu bai miƙa ba?" Na ce ta rubuta wannan tambayar a saman sabon shafi, kada ta amsa tukuna.

Mako na 6 da na 7: bango da nassi

Abu biyu aka yi a wannan tsakani, kuma su suka juya aikin.

Na farko, girma. Ta ari tef na awo ta shata santimita 262 da 205 da alli a bangon ɗakin zane, muka haska hoton da majigi har ya cika shatar, bayan magariba, fitilu a kashe. Mutanen da ta saba gani kamar yatsa a waya suka zama girman mutum. Ta tsaya inda mai kallo zai tsaya, sai ga tafin ƙafar saurayin kusa da ita, bayansa na fuskantarta, kamar ita ce ta biyo shi a layi. Duhun ma ya daina zama baƙi ɗaya: ƙofa mai baka ta fito, mace ta fito can sama a hagu, wani matashi ya fito a bayan tsohon yana leƙe. Ta lura kuma tsakiyar ƙyallen, inda aka saba sa babban abin kallo, ba kowa a gabanta sai tazara mai duhu. Uba da ɗa an tura su hagu a kan ɗan dakali, na tsaye yana dama, kuma tazarar ce ke raba su.

Na biyu, labarin. Wata ƙawarta Kirista 'yar ajinsu ta kawo mata Littafi Mai Tsarki na Hausa, suka karanta Linjilar Luka sura 15, aya 11 zuwa 32 tare. Misali ne da Yesu Almasihu, wanda Musulmi ke kira Annabi Isa, alaihis salam, ya bayar, don haka mutanen da ke zanen mutanen cikin misali ne, ba annabawa ba. Wani mutum yana da 'ya'ya biyu. Ƙaramin ya nemi rabonsa na gado uban na da rai, ya tafi wata ƙasa mai nisa ya ɓarnatar. Yunwa ta faɗa wa ƙasar, ya koma kiwon aladu har yana kwaɗayin abincinsu. Ya yanke shawarar komawa gida ya roƙi a ɗauke shi ɗan ƙodago. Tun yana nesa uban ya hango shi, ya sheƙa da gudu ya rungume shi ya sumbace shi, ya sa a kawo riga mafi kyau, da zobe, da takalmi, a yanka kiwataccen maraƙi. Wan yana gona. Da ya dawo ya ji kiɗa da rawa, ya ji dalili, sai ya ƙi shiga. Uban ya fito yana lallashinsa, shi kuma ya ce shekara da shekaru yana bauta ko ɗan akuya ba a taɓa ba shi ba. Uban ya ce masa kullum yana tare da shi, duk abin da ya mallaka nasa ne, amma ƙanensa ya mutu ne ya dawo da rai. Labarin ya tsaya nan, ba a faɗi ko wan ya shiga ba.

Na sa ta raba takarda gida biyu: abin da ke nassi babu shi a zane, da abin da ke zane babu shi a nassi. Gidan farko ya cika da sauri. Ba gudu, ba sumba, ba riga, ba zobe, ba maraƙi, ba kiɗa. Duk abin da ke motsi ko ƙara a labarin, Rembrandt ya cire shi. Gida na biyu abu kaɗan ne amma masu nauyi: askakken kai, takobi, idon tsohon da ke kusan rufe, da kuma mutumin da ke tsaye. Domin a Luka, lokacin rungumar wan ba ya wurin, yana gona. Idan shi ne wannan, to mai zanen ya ɗauko ƙarshen labari ya kawo shi tsakiya da gangan, ya sa wanda ya ƙi shiga ya tsaya yana kallon abin da yake ƙi.

Da ta karanta farkon surar sai ta ƙara samun wani abu. Aya ta 1 da ta 2 sun ce an ba da misalin ne saboda Farisiyawa, wata ƙungiyar addini ta Yahudawa, da malaman Attaura suna gunaguni cewa Yesu na cin abinci da masu karɓar haraji da masu zunubi. Ashe tun asali labarin masu tsayawa gefe suna kallo aka yi wa shi. A nan ta amsa tambayar alkyabba da kanta. Wan ya yi kama da uban a komai: gemu, jar alkyabba, hasken da ya sauka a fuska. Bambancin yana hannu da baya. Uban ya tanƙwara, alkyabbarsa ta buɗe kamar rumfa a kan yaron, hannuwansa a shimfiɗe cikin haske. Wan ya miƙe sak kamar sandarsa, alkyabbar ta zubo a jikinsa shi kaɗai, hannuwansa a damƙe da juna.

Mako na 8: gwadawa da wasu zanuka

Don kada ta ɗauka haka kowa ke zana labarin, na sa ta ajiye wasu biyu a gefe. Ɗaya na Rembrandt ne kansa, na 1636, irin wanda ake sassaƙawa a farantin tagulla a buga a takarda. A can uba da ɗa sun haɗu a matakalar ƙofa cikin hanzari, fuskar yaron a fili tana nuna wahala, barori na saukowa da riga da takalmi, wata na buɗe taga. Ɗayan na Murillo ne, mutumin Sifen, wanda ya yi tsakanin 1667 da 1670 don wani gidan jinƙai na birnin Sevilla, yanzu yana Washinton ta Amurka. Kusan shekarunsu ɗaya da zanen da take nazari, amma Murillo bai bar komai ba: ga tire da tufafi, ga zobe a hannun bara, ga yaro na jan maraƙi, ga mai gatari, har da ɗan farin kare na tsalle a ƙafar mai dawowa, sama kuma da haske.

Ganin su jere ya sa ta daina rubuta "zanen yana da ban tausayi" ta fara faɗin yadda aka yi ya zama haka. Mutumin da ya zana hayaniyar a 1636 ya san ta sarai, bayan shekara talatin ya zaɓi ya bar ta.

Mako na 9 da na 10: sakamako

Aikin ƙarshe ya zo shafi 11. Ta ce yanayin zanen gida biyu ne a lokaci guda: a hagu an gama, an huta, an yafe, a dama ba a gama ba. Ta kafa wannan a kan tazarar tsakiya, da inda haske ya sauka, da abin da aka cire daga nassi. Takobin ta karanta shi a matsayin abu ɗaya mai daraja da yaron bai sayar ba, ragowar shaidar ɗan gidan wane ne, kuma ta rubuta a fili cewa wannan fahimta ce, nassi bai ambaci takobi ba. Haka ta yi da hannuwan uban. Na hagu mai faɗi ne, yatsu a buɗe, ya kama kafaɗa; na dama siriri, yatsu a haɗe, ya kwanta a baya, kuma shi ne ke saman ƙafar da ba takalmi. Ta kawo fassarar Henri Nouwen, limamin Katolika ɗan Holan, wanda ya yaɗa cewa ɗaya hannun uba ne ɗaya na uwa, ta ce bambancin hannuwan kowa na iya gani, amma ma'anar ta Nouwen ce, ba maganar Rembrandt ba. Rayuwar mai zanen ta koma sakin layi biyu kusa da ƙarshe. Ta kuma ambata cewa ba duk masana suka yarda na tsayen wan ne ba, har akwai masu shakkar ko hannun Rembrandt ne ya kammala mutanen gefe.

Malami na biyu da ya duba aikin, wanda bai ga daftarin baya ba, ya sa shi cikin mafi kyau a ajin. A jarrabawar baka aka haska mata wani zanen da ba ta shirya ba, abin da ta fara tambaya shi ne girmansa da kuma nassin da ya fito daga ciki.

Hukunci

Hanyoyi ukun farko ciwonsu ɗaya: kowacce ta zo da amsa a hannu kafin a kalli ƙyallen. Jerin launuka ya fi rauni, domin yana ɗaukar cewa ja na da ma'ana ɗaya a ko'ina, alhali a nan aikinsa haɗa mutum biyu ne don a ga inda suka rabu. Tarihin mai zane ya fi haɗari saboda yana da daɗin ji, kuma gaskiya ne, mutum na iya cika shafi da gaskiyar da ba ta taɓa zanen ba. Ban ce rashin da Rembrandt ya sha bai shiga hannunsa ba. Ina ganin ya shiga. Amma ba a iya nuna shi da yatsa a kan ƙyalle yadda ake nuna dunduniyar da ta fito daga takalmi.

Idon gida kuwa ba zan so a raina shi ba. Ya ɓatar da ita a kan takalmi, amma shi ya sa tsayuwar wan ta dame ta tun kafin ta san akwai wa a labarin. Wanda ya tashi inda ba a tsayawa a kan dattijo yana sunkuye zai ji nauyin wannan tsayuwa a jikinsa. Abin da ya rage shi ne ya gwada abin da ya ji da nassi da kuma al'adar masu zanen, kada ya tsaya a kan ji kaɗai.

Abin da ya yi aiki ba shi da tsada: alli, tef, majigi na aro, da ƙawa mai littafi. Girman ya nuna mata inda aka ajiye mai kallo, nassin ya nuna mata abin da aka zaɓa da abin da aka bari, zanukan gwaji suka tabbatar zaɓi ne ba tilas ba. Cikin ukun, takardar nan mai gida biyu ce na fi ba muhimmanci, kuma ita ce mafi sauƙin maimaitawa ga duk mai zane da labari a gabansa.

Wuri ɗaya ban bi ta ba. A shafin ƙarshe ta rubuta cewa hasken da ke fuskar wan ya nuna zai sauko ya shiga biki. Na gane abin da ya sa take son haka, ni ma ina so. Amma hasken bai kai hannuwansa yadda ya kai na uban ba, ƙafarsa ba ta motsa zuwa dakalin ba, Luka kuma bai faɗa ba. Na rage mata maki a nan, na rubuta a gefen shafin ta nuna mini abin da ke kan ƙyallen da ya ce zai shiga.